Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga samarin da ke kallon ƙwallo a rumfata

Assalamu alaikum.

Ƙannena da 'ya'yana, 'yan Chelsea da 'yan Man U da 'yan Arsenal, har da ku 'yan Madrid da 'yan Barca da kuke zama a bencin baya kuna zuga mutane.

Na so in tara ku mu yi wannan magana baki da baki, to amma na san halinku. Kafin in rufe baki wani zai ce ai Kawu ɗan Arsenal ne, shi ke nan zance ya watse. Shi ya sa na sa ɗan yayana ya buga mini ita a waya, kowa ya karanta shi kaɗai, ba mai zungurinsa a gefe. Kuma gaskiya ne, ni ɗan Arsenal ne, tun ranar da Kanu ya zura wa Chelsea uku a gidansu a 1999, bayan sun riga sun ci mu biyu. Na faɗa da bakina, sai a wuce wurin.

Kun san abin da ya faru ranar Asabar. Benci biyu sun karye, gilashin talabijin ɗin da ke ɓangaren gabas ya tsage daga sama har ƙasa, an fasa wa yaro goshi sai da mai kemis ya yi masa ɗinki. Washegari da safe ina tsugune a ƙofar gidan dagaci kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ya ce mini in aka sake, zai sa a rufe rumfar, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba a kan ci aka yi faɗan ba, ba a kan alƙalin wasa ba. Wasa ma ya riga ya tashi, ina shirin kashe janareta. A kan wane mai kulob ne ya fi iya korar koci aka fasa wa ɗan mutane kai. Mai kulob yana Landan ko Amurka, koci yana can yana lissafin kuɗin sallamarsa, jini kuma yana zuba a nan, a ƙauyen da ke tsakanin Gumel da Maigatari.

Na buɗe rumfar nan a 2008, da talabijin ɗaya da ƙaramin janareta da zana a kewaye. Babban daren farko da na gani shi ne wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Mosko, Man U da Chelsea. Ana ruwan sama a can, John Terry ya zo buga fenaretin da zai ba su kofi, santsi ya kwashe shi. Waɗanda suka kalla a wurina a daren nan, yawancinsu yanzu magidanta ne, wasu ma iyayenku ne. An yi ihu, an yi tsiya, wani ɗan Man U ya yi ta kwaikwayon faɗuwar Terry a bakin tasha har tsawon mako guda. Amma a daren, 'yan Man U ne suka sayi shayi da burodi suka ba 'yan Chelsea, wai su jiƙa maƙoshi. Bayan kwana uku Abramovich, mai Chelsea a lokacin, ya kori kocinta Avram Grant, mutumin da santsi kaɗai ya raba shi da kofin Turai. Daga ranar aka fara wannan musu a rumfata, kuma yau shekara goma sha da yawa ban ga an gama shi ba.

Ni ba na ƙin musun. Ina ma jin daɗinsa, don shi ke riƙe mini mutane lokacin hutun rabin lokaci. Bari ma in shiga cikinsa, tun da kullum kuna cewa Kawu ba ya faɗin ra'ayinsa.

Ku 'yan Chelsea kuna cewa koci ɗan ƙwadago ne, in bai yi noma ba a sallame shi a kira wani. Hujjarku tana da ƙarfi, ban musa ba. Daga 2003 da Abramovich ya sayi kulob ɗin zuwa 2022 da ya sayar, kun ɗauki Firimiya biyar da kofin zakarun Turai biyu, kuma duk biyun nan kociyoyin da aka kawo a tsakiyar kaka ne suka ɗauko su. Di Matteo ya karɓi ƙungiya a watan Maris na 2012, ya je Munich ya ƙwace kofi a gidan Bayern a watan Mayu, kafin watan Nuwamba ya ƙare an sallame shi. Tuchel ya zo a Janairun 2021 bayan an kori Lampard, a Mayu ya doke Man City. Ancelotti ya haɗa Firimiya da kofin FA a 2010, shekarar da ta biyo baya ya zo na biyu, aka ce ya kama gabansa. Mourinho sau biyu ana kawo shi, sau biyu yana tafiya a tsakiyar kaka. Yawancin wannan na nuna shi a rumfar nan, da man da na saya da kuɗina.

Ku kuma 'yan Man U kuna kawo Ferguson. Ya zo a 1986, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba sai 1990, aka yi haƙuri da shi, ya zauna har 2013 ya bar muku Firimiya goma sha uku. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, in ji ku. To amma ku ne kuma, tun da dattijon ya tafi, ba a kawo muku kocin da bai sha zagi a bencina ba. Moyes bai cika kaka ɗaya ba. Van Gaal ya ɗauki kofin FA a 2016, bayan kwana biyu aka kore shi, kuna tafi. Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, kowanne na ji ranar da kuka ce shi ne magani, na kuma ji ranar da kuka ce shi ne ciwon. Ten Hag ya doke Man City a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, kuka ce a bar shi, aka bar shi, zuwa Oktoba kun fi kowa murna da tafiyarsa. Wanda ya gaje shi ya kai ku na goma sha biyar a tebur. Wato haƙurin da kuke wa 'yan Chelsea wa'azi da shi, a baki kawai yake.

Mu 'yan Arsenal ba mu tsira ba. Wenger ya yi shekara ashirin da biyu, ya ba mu kakar 2003 zuwa 2004 da ba a doke mu ko sau ɗaya a Firimiya ba, amma a ƙarshe da zagi muka raka shi. Ni kaina na ce ya tsufa, Allah ya yafe mini. Arteta ya zo na takwas sau biyu a jere, rabin 'yan bencinmu suna cewa a kore shi, masu kulob suka toshe kunne. Bayan nan ya zo na biyu sau uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, sai ga waɗanda suka ce a kore shi suna cewa dama sun faɗa.

Ra'ayina shi ne, Abramovich bai ci kofuna don yana korar koci ba. Ya ci ne don duk wanda ya kawo zai tarar da gwanaye irin su Drogba da Lampard da Terry da Cech da Mikel ɗinmu a fili, kuma in ya kori mutum yana biyan shi haƙƙinsa na miliyoyin fam, ya sake zuba wasu miliyoyin ya sayo 'yan wasa. Gonar da aka cika da taki, ko wa ka ba fartanya zai kawo hatsi gida. Shaida kuwa ita ce abin da ya biyo baya. Todd Boehly da abokansa sun karɓi kulob a 2022, suka ari wuƙar Abramovich. A Satumba suka kori Tuchel, suka kawo Potter, bai cika wata bakwai ba shi ma suka sallame shi, ƙungiya ta ƙare kakar a ta goma sha biyu. Wuƙa ɗaya ce, amma a wannan karon mai riƙe da ita ta yanka. Na san za ku ce ai daga baya an ɗauki kofin duniya na ƙungiyoyi a 2025. An ɗauka, na nuna shi, uku da nema aka ci PSG. Sai dai wannan bai goge waccan shekarar ba.

Wani abu kuma da ba ku so a faɗa: duk cikinmu ba mai ƙuri'a. A Madrid da Barcelona aƙalla 'yan ƙungiya masu rajista su ke zaɓen shugaba, in ya ɓata musu rai su jira shi a akwati. Mu fa? Iyalan Glazer sun mallaki Man U tun 2005, Turawan da ke zaune a gindin filin wasan sun yi zanga-zanga har sun gaji, ba su tafi ba. To ina ga wanda ya biya naira ɗari biyu ya zauna a bencin katako a Jigawa? Shiga sharo ba shanu ke nan. In don nishaɗi ne, madalla, faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. Amma a ce har da jini, wannan ban san sunansa ba.

Da a rumfata abin ya tsaya, da na gyara bencina na yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kun kwaso wannan hali kun kai shi inda muryarku take da tasiri, wato kulob ɗin garinmu.

Kowa ya san malamin firamaren da ya riƙe yaran nan shekara huɗu. Ɗan Man U ne na gani-kashe-ni, ni da shi ba mu taɓa shan inuwa ɗaya a kan ƙwallon Turai ba, don haka kada wani ya ce nawa nake karewa. Ya tarar da yara suna buga ƙwallon tsumma ba takalmi, kowa yana bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba. Shi ya koya musu tsayuwa, ya koya wa 'yan baya yadda ake kama mutum ba tare da an yi masa keta ba, ya zauna da iyaye ya roƙe su su riƙa sakin yara bayan la'asar in an dawo daga gona. Ba a taɓa biyan shi ko sisi ba. Ruwan leda da yara ke sha in an je wasa wani gari, sau da yawa daga albashinsa yake fita, albashin da kun san yadda yake. Gola ɗinmu da ƙauyukan kewaye suke tsoro, shi ya gano shi yana kiwon awaki, ya ga yadda yake cafke ƙwallon yara da hannu ɗaya.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida aka fara gasar ƙauyuka, aka ci mu wasa biyu a jere. Wasa biyu. Na farko ma rabin yaran suna yankan riɗi, ba su samu atisaye ba. Sai wasunku suka yi gayya zuwa gidan shugaban kulob, wanda shi ma ɗan Chelsea ne, suka ce masa, Alhaji, ka yi mana irin ta Abramovich. A rumfata aka ƙulla maganar, ina ji, na ɗauka wasa ne. Aka sallami malam ta bakin wani yaro, ko zama da shi ba a yi ba. Aka naɗa telan bakin kasuwa, mutumin kirki, gwanin surfani, wanda babbar shaidarsa ta koci ita ce yana da rigar Drogba kuma ba ya fashin kallo. Nan take yaran da suke 'yan Man U suka daina zuwa fili, wai ba za su yi wa Chelsea wahala ba. Gola ya koma buga wa ƙauyen da ke arewa da mu. Da tela ya ga ba ci, ya koma kan kekensa. Aka ɗauko wani daga Gumel wanda sai an biya masa kuɗin mota, ya zo sau biyu, na uku ya ce babur ya lalace. Koci uku a kaka ɗaya, ko Boehly sai haka. Wasan da aka fitar da mu, golanmu ne a ragar abokan karawa, ya tare mana fenareti, ya juyo yana kallon bencinmu.

Ku duba fa abin da aka yi. Ba a tambayi wa ya iya koyar da yara ba. An tambayi wace riga yake sawa ranar Asabar. Yaran da aka haifa a unguwa ɗaya, aka yi musu kaciya rana ɗaya, suka yi makarantar allo a gaban malami ɗaya, sun kasa ba juna ƙwallo a filin makarantar garinsu saboda garuruwa biyu na Ingila da ko a taswira wasunsu ba za su nuna ba.

Alhaji shugaban kulob, na san za a karanta maka wannan, Allah ya ƙara arziki. Ba wanda zai manta cewa kai ka sayi riguna da ƙwallaye, kai kake biyan motar da ke kai yara wasa, kuma ranar Alhamis in ka dawo daga Maigatari ba ka shiga gida sai ka leƙa fili. Kuɗinka ne, ba mai tilasta maka. Amma kai manomi ne kafin ka zama ɗan kasuwa. Ka taɓa tuge gero don bai fitar da kai a wata ɗaya ba? Abramovich in ya kori mutum yana da jerin gwanayen duniya da ke jiran kiransa. Kai mutum ɗaya gare ka a garin nan da ya yarda ya tsaya a rana kyauta saboda 'ya'yan wasu, kuma shi ka bari aka aika wa yaro. Ko a Ingila ma ana yin irin wannan a ji kunya. Leicester ta ɗauki Firimiya a 2016, abin da ba wanda ya yi mafarkinsa, bayan wata tara suka kori Ranieri, lokacin Ahmed Musa yana can. Sun ba shi kuɗinsa dai. Malam ko na gode bai samu ba.

Tun da na ambaci Ahmed Musa, bari in taɓo Kano Pillars da ya taɓa buga wa, don duk bambancinmu in an ce Sai Masu Gida baki ɗaya muke amsawa, mu na Jigawa ma ba a bar mu a baya ba. Ƙungiyar da ta ɗauki gasar Najeriya a 2008, ta kuma jera 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009. Irin wannan ƙungiya ce ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022. A kakar nan ne aka farfasa motar 'yan Katsina United a Kano, aka ci kulob tara, aka rage masa maki. A Oktoban 2025 aka sake, Shooting Stars ta farke ci a ƙarshen wasa, 'yan kallo suka ɓalle cikin fili, aka ƙwace maki uku aka rufe filin Sani Abacha. Waɗanda suka yi wannan duk masoya ne, ko wanne zai rantse maka don kishin Pillars ya yi. Makin da 'yan wasa suka zubar da gumi suka samo, masoya suka mayar. Abin da kuka yi wa kulob ɗin garinmu ƙanin wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba cewa nake a daina tsiya ba. Wa zai zauna a gidan kallon da ba tsokana? Sai ka ce zaman makoki. Mu Hausawa ma mun riga Turawa sanin wannan wasa. Bafulatani da Babarbare za su haɗu a kasuwa, kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa, su rabu suna dariya. Bakano da Bazazzagi haka, Bakatsine da Bahaɗeje haka. Taubasai kan yi wa juna tsiyar da in bare ne ya yi sai an kai ga alƙali, amma ranar da ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ne a bakin gadonsa. Wasan yana da ƙa'ida, kowa ya san inda ake tsayawa: ba a zagin iyaye, ba a ɗaga hannu, ba a kai shi inda ake neman abinci ko inda ake aikin gayya. Iyayenku da suka kalli wasan Mosko a wurina haka suka ɗauki Chelsea da Man U. Ban san a wace shekara aka canza ba. Ina zargin tun da caca ta shigo cikin wayoyi ne, don wanda ya zuba kuɗin cefane a kan wasa ba ya jin tsokana a matsayin wasa. Wannan kuma magana ce ta wata rana, kuma da iyayenku zan yi ta.

Ga abin da na yanke game da rumfata, na kuma shaida wa dagaci da mai unguwa. Duk wanda ya zagi uwar wani ko ubansa, zai fita, ba zan mayar masa da kuɗinsa ba, kuma ba zai dawo ba sai bayan wata guda, ko da kuwa ɗan cikina ne. Wanda ya ɗaga hannu ya gama kallo a wurina har abada, ya tafi Gumel ya nema. Na daina raba benci, wannan na 'yan kaza wancan na 'yan kaza, don ni na fara wannan kuskure da hannuna ina ganin gyara nake. Kowa ya zauna inda ya samu. Ana busa tashi zan kashe janareta, mai sauran musu ya ƙarasa a teburin mai shayi, shi ma ya samu ciniki. Kuɗin ɗinkin yaron nan da na benci biyu, waɗanda suka yi faɗan sun san kansu, ni ma na san su. Talabijin na yafe, don ko na ce ku biya ba ku da shi.

Game da kulob kuwa roƙo nake, ba ni da iko a can. Shekaranjiya na je gidan malam da kaina. Da farko ya ce ya rantse ba zai sake taka filin nan ba, na zauna har aka kira magariba. A ƙarshe ya ce in Alhaji ya zo da ƙafarsa, in kuma za a bar shi kaka biyu cur ba mai sa masa baki a kan wanda zai buga da wanda zai zauna, zai yi kaffara ya dawo. Ya ƙara da sharaɗi ɗaya wanda ya ba ni dariya: duk yaron da ya zo atisaye da rigar wani kulob na Turai, har da ta Man U, zai juya ta ciki waje kafin ya shiga fili. Na isar wa Alhaji, ya ce zai duba, kuma na san abin da yake dubawa shi ne fuskokinku. Waɗanda suka yi gayyar zuwa gidansa bara, hanyar ba ta canza ba, su sake yin wata. Gola ma na aika masa, ya ce sai ya ga malam a fili da idonsa.

Ranar Asabar zan buɗe da talabijin ɗaya, sai a matsu. Kafinta ya ce benci ba za su samu ba sai Laraba, saboda haka mai tabarma ya zo da abarsa.

Wassalam.

Naku,
Kawu mai gidan kallo na bakin tasha